Ɗan'uwa Ba Ya Sauka

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma a tsakiyar daminar bana. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don kada a gyara shi. Mutanenmu sun iya gyaran mamaci. Kafin sadakar uku sun mai da shi waliyyi, kafin ta bakwai har an fara cewa bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Kawu ya ɗaga murya, ya ɗaga hannu, ni ma shaida ne.

Mutanen da suka cika ƙofar gidansa a Ikara ranar jana'iza kashi biyu ne, kuma kusan duk na san su. Akwai waɗanda ya ciro wa ɗan'uwa daga ruwa da rai, akwai waɗanda ya ciro wa gawa. Na biyun sun fi yawa nesa ba kusa ba, don aikin nutso haka yake, kafin labari ya iso mu ruwa ya gama nasa. Wani dattijon Bafulatani daga wajen Paki ya zauna a bakin tabarma, ya jingine sandarsa. Can ya ce, "Rana ɗaya ya ciro mini saniya da yaro daga kududdufi. Saniyar ya fara cirowa. Na ce don me, ya ce ita ce mai numfashi." Ya girgiza kai, ya ce Allah ya jiƙansa. Wani tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya ya ce shi a duk aikinsa bai taɓa ganin mutumin da ba ya jin kunyar gaskiya irin marigayi ba. Daga cikin gida aka ce wata tsohuwa ta ce, "Allah ya yi masa rahama, amma bakin nan nasa ba a sa masa linzami ba."

Wanda ya fi kowa kuka wani mai lambu ne daga hanyar Paki. Ƙato ne, da gemu, yana sheshsheka kamar yaro, yana faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa ba don marigayi ba da tuni ƙasa ta cinye shi. Gaskiya ya faɗa. Sau biyu ya miƙo mini hannu, sau biyu na yi kamar ina gyara hula.

Da aka jera sahu, liman ya juyo ya ce duk wanda marigayi ya ɓata wa rai ya yafe masa don Allah. Murya ta tashi ko'ina, mun yafe, mun yafe. Ni na rufe bakina. Na ɗauka ba wanda ya lura, ashe a garinmu ko shirun mutum yana da mai kai rahoto. Da yamma mahaifiyata ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a ɗakin matar Kawu, idanunta sun kumbura.

"An ce ba ka buɗe baki ba."

"Inna, mutane sun yi yawa."

"Ban tambaye ka yawan mutane ba. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana kwance can da haƙƙinka a wuyansa. Kafin arba'in ina so in ji da kunnena ka ce ka yafe."

Na ce to. Na iya cewa to, tun ina yaro aka koya mini.

Kawu gajere ne mai faɗin ƙirji, idanunsa kullum ja, kunnensa na hagu ya mutu tun da daɗewa saboda nutso. Da yasar rijiya ya fara, sana'ar da ya gada. Da aka yi dam, masu aikin titi kuma suka bar manyan ramuka da ke cika da damina, sai yara suka fara nutsewa, shi kuma ya zama wanda ake aikawa a kira. Bai taɓa sa kaki ba, ba shi da ofis, amma daga Ikara har Makarfi har Kudan, in ruwa ya ci mutum, ƙofar gidansa ake fara tsayawa. Kayan aikinsa igiya ce mai kauri, da fitilar ƙwai, da goro a aljihu.

Abin da ya sa mutane suka tsane shi, ba ya sauri. Za a iso bakin ruwa uwa tana birgima, shi kuwa sai ya tsuguna ya tambayi waɗanda suka gani, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya a daidai inda yake tsaye lokacin ya nuna da hannu. In ya ji an daɗe, sai ya fasa goro ya ce, "Gawa ba ta sauri." A gaban uwar yake faɗa. Na taɓa ce masa, Kawu, ko ka rage murya. Ya ce in ya rage murya wani sakarai zai faɗa ruwan don ya burge mata, a ciro biyu.

Dokarsa babba kuwa kowa ya haddace ta: ɗan'uwa ba ya sauka. Uba, wa, ƙane, miji, duk wanda jininsa ke cikin ruwan ba zai taɓa ruwan ba, ba zai riƙe igiya ba. Ya ce ɗan'uwa ba ya ƙirga numfashinsa, kuma in shi ke riƙe da igiya zai ja lokacin da zuciyarsa ta ce, ba lokacin da igiyar ta ce ba. Na ga ya kwaɗa wa wani magidanci sanda a gwiwa don ya nufi bakin rijiya. Mutumin yana ɗingishi har yau, kuma ya zo jana'iza.

Ina da aure har da ɗa lokacin da na je na ce ina son koyon aikin. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan ƙanwata, kai da ko wanka sai an ɗumama maka ruwa?" Damina biyu na yi ina riƙon igiya, ban jiƙa ko gwiwa ba. Ya ce mai igiya shi ne mai nutso, na ƙasan guga ne kawai. Da ya yarda in shiga, sai ya ɗaure mini ido da tsumma, ya jefa cokali a dam ya ce in ciro. Ruwanmu ja ne, ko da ido buɗe ba ka ganin tafin hannunka, don haka da hannu ake gani. Kana kwance a kan taɓo, kana shara daga dama zuwa hagu, mai igiya yana sakar maka kamu ɗaya duk zagaye. Kwana tara na yi ina neman cokalin nan. Ranar da na samo shi, na taso ina washe baki, ya karɓa ya sake jefawa.

Wata rana ina tasowa don in sha iska ya sa ƙafa a kafaɗata ya danna ni. Na yi ta mutsu-mutsu, na sha ruwa, na ga mutuwa ƙiri-ƙiri. Da ya sake ni na fito ina amai, ya ce, "Yanzu ka san tsoro. Gara ka san shi a nan inda ƙafata take kusa." Na je na kai ƙara wajen Inna. Ta ce ai kawu uba ne, in yi haƙuri.

Daga baya na samu aiki da 'yan kwana-kwana, aka tura mu kwas na nutson ceto a birni. A can na fara ganin tukunyar iska, wadda ake goyawa a baya mutum ya yi numfashi a ƙarƙashin ruwa, da gilashin fuska, da rigar roba. Abin da ya ba ni mamaki, rabin abin da malaman ke rubutawa a allo Kawu ya riga ya koya mini da mari. Tambayar shaidu, riƙon igiya, shara da hannu, kada a taɓa abin da 'yan sanda za su buƙata sai an yi alamar inda yake. Amma akwai abin da suka koya mana wanda Kawu bai sani ba, suka kuma nanata shi har ya gundure mu. Duk ramin da aka kira ka, rijiya ce ko mene ne, ka tafi da tukunya, domin ba ka san iskar da ke ciki ba sai ka je.

Na dawo da takardar shaida da tukunya ɗaya da aka damƙa mini. Kawu ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa. Ya ce, "Wato yanzu numfashinka kake goyo kamar jariri." Daga ranar ya raɗa mini Mai Satifiket. A kasuwa, a masallaci, a gaban surukaina, Mai Satifiket. Amma tare muka ci gaba da aiki, don ofis ya san ba a raba ni da shi, kuma in gaskiya za a faɗa, ni da tukunyata ban taɓa riga shi samun gawa ba.

Akwai ranar da 'yan sanda suka kira mu wani rami a wajen Makarfi. An ce mutum ya zame yana alwala. Wansa yana bakin ramin yana ihu, har ana rirriƙe shi. Kawu ya nutsa, ya daɗe, ya taso hannu wofi. Ya kira babban cikin 'yan sandan, amma da murya irin ta mai kunne ɗaya, wadda har na bayan taro ke ji. Ya ce, "Yana nan ƙasa, da bulo a ƙugunsa. Ruwa ba ya ɗaura igiya." Sannan ya dubi wan nan ya ce, "Kai kuma rage kukan, ka tanadi saura." Bai yanke igiyar ba, bai kwance ƙullin ba, haka ya sa muka ɗago shi da bulon. Yadda shari'ar ta ƙare ba nawa ba ne in faɗa.

Kada in zalunce shi, yana da wani hali da ba kowa ya sani ba sai mu da muka riƙe masa igiya. Bai taɓa fito da gawa da taɓo a fuska ba. A can ƙasa, da ragowar numfashinsa, yake wanke mata fuska ya rufe ido. In mace ce, sai ya taso ya ce a ba shi zane, ya koma da shi ya ɗaura mata a cikin ruwan kafin ya ja igiya. Na tambaye shi dalili sau ɗaya. Ya ce, "Uwarta za ta riƙe fuskar da ta gani har ta mutu. Matsa ka ba ni wuri."

Yanzu zan faɗi abin da ya rufe mini baki a sahu.

A lokacin ɗana na fari yana da shekara goma sha bakwai. Kamar kowane uba a wajenmu, ban taɓa kiran sunansa ba tun ranar suna. Kai, nake ce masa, ko yaron nan. Ban taɓa yaba shi a gaban mutane ba, ban taɓa zama cin abinci da shi ba. Uwarsa ma haka. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka tarar, kuma shi ma ya san ba ƙi ba ne. Dogo ne, ya iya ruwa tun yana ƙarami, yana son Kawu fiye da yadda Kawu ya cancanta.

Da rani ne, da hantsi, ina ƙofar gidan Kawu aka bugo waya. An ce mutum ya faɗa rijiya a wani lambu a hanyar Paki. Ba a faɗi ko wane ne ba. Na tayar da babur, Kawu ya rataya igiya da fitila, ni kuma na shiga zaure na ciccibo tukunya. Ya dube ni ya yi tsaki.

"Mai Satifiket, rijiyar lambu ce fa, ruwanta ko wuya bai kai ba. Ina za mu sa wannan tulun a babur ɗaya? Bar ta."

Na tsaya da ita a hannu. Na tuna allon nan da abin da aka rubuta a kai. Amma akwai mutane a ƙofar gida suna kallo, kuma yayan mahaifiyata ne ya yi magana. Na ce to, na ajiye ta a zaure.

Masu lambu in ruwa ya ja baya da rani, sai su gitta katako a cikin rijiya su saukar da injin ban-ruwa kusa da ruwan. Hayaƙin injin ba shi da wajen zuwa, sai ya taru a ciki. Mai lambun ya sauka ya gyara tiyo, ya faɗi a kan katakon. Aka yi ihu. Ƙannensa biyu suka nufi rijiyar, sai wani saurayi da ke taya abokinsa tsinkar tumatir a lambun kusa ya tare su. Ya ce musu, "Ɗan'uwa ba ya sauka. Ni ba ɗan'uwansa ba ne, kuma gidanmu gidan nutso ne." Ya sauka, ya kashe injin, ya yi ƙoƙarin ɗaga mutumin, sai shi ma jiri ya ɗebe shi ya zame ƙarƙashin katakon, cikin ruwa iya ƙirji.

Duk wannan daga baya na ji. Abin da na fara gani da muka isa, takalman ɗana ne a bakin rijiya, an jera su gefe ɗaya yadda yake jera su a ƙofar ɗaki. Taron ya buɗe mini hanya, ba wanda ya dube ni.

Na leƙa. Duhu ne, sai warin fetur. Amma ana jin nishi, murya biyu, ɗaya mai kauri ɗaya siririya. Yana da rai. Sai na ji bakina ya kira sunansa, da ƙarfi, sau uku, sunan da shekara goma sha bakwai ban furta ba. Kawu yana tsugune ya kara kunnensa mai ji a bakin rijiyar. Bai ko ɗago ba ya ce, "Ashe ka san sunansa. Yi mini shiru in ji numfashi."

Ya kunna fitila ya zura ta da siririn zare. Ba ta kai rabi ba ta mutu, alamar babu iskar shaƙa a ciki. Na cire riga na kama bakin rijiya. Kawu ya ce, "Ku kama shi." Maza huɗu suka danne ni. Da igiyarmu ta aiki, da hannunsa, ya ɗaure ni a jikin mangwaro, ƙullin da shi ya koya mini, wanda in ka ja yake ƙara tsukewa. Ya sa aka kawo igiyar guga don aikin. Na yi ihu a koma a ɗauko tukunya, wani ya hau babur ɗina ya tafi. Kawu bai ce a je ba, bai ce kada a je ba.

Ya sa aka sassaro rassan darbejiya masu ganye, aka ɗaure su dami guda, ana zurawa ana jawowa da sauri don iskar ta motsa. Aka yi ta sheƙa bokitan ruwa ta jikin bango. Ya sake zura fitila, ta mutu. Aka ci gaba. Ni ina jikin mangwaro ina roƙo. Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da Annabi, na roƙe shi da nonon da suka sha shi da Inna. Na ce numfashi ɗaya zan riƙe, na iya, shi ya koya mini. Bai waiwayo ba. Ana cikin haka siririyar muryar ta yi shiru, kuma kowa a wajen ya ji lokacin da ta yi.

A zurawa ta uku fitilar ta kai katako ba ta mutu ba. Kawu, da furfurarsa, ya ɗaura igiya ya sauka. Aka ja, sai ga mai lambu, kansa yana lilo, yana numfashi. Shi ne a kan katako, shi ne a kan hanya, na san wannan, ko a kwas haka za a ce a yi. Aka sake ja. Ɗana ya fito fuskarsa fes, ba ɗigon taɓo, idanunsa a rufe. Da na ga fuskar nan a wanke na san ba sai an danna ƙirji ba, amma na yi ta ihu a danna, aka danna. Ana lulluɓe shi da zane mai babur ya iso da tukunya a ɗaure a baya.

Da aka kwance ni na taka har gaban Kawu. Yana zaune a ƙasa yana haki. Na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, Kawu." Mutane suka ɗauki salati, don ba a taɓa jin ɗa ya faɗa wa kawunsa haka ba. Ya ɗago jajayen idanun nan ya ce, "Amin. Naɗe igiyar, kada ta kwana a jiƙe."

Na naɗe ta.

Shekara takwas muka ƙara muna aiki tare, don ruwa bai daina cin mutane saboda muna gaba ba. Ina gaishe shi, yana amsawa. Ja, saki, dama, hagu, iyakar hirarmu ke nan. Bai taɓa cewa in yi haƙuri ba, ko a zaman makokin yaron, inda ya zauna yana cin goro yana karɓar gaisuwa kamar kowa. Abu biyu ne kawai suka canza. Bai sake kira na Mai Satifiket ba. Kuma duk kiran da aka yi mana, ko akuya ce ta faɗa rijiya, sai ya tsaya a gefen babur ya ƙi hawa har sai na ɗaure tukunya. Matata ta ce wannan shi ne ban-haƙurinsa. Na ce in haka ne ya riƙe abinsa.

Ciwon ƙirji ne ajalinsa. Numfashin da ya yi ta riƙewa shekara da shekaru ya zo yana ƙin shiga. A asibiti na same shi an sa masa roba a hanci, ga doguwar tukunyar iska a tsaye a gefen gadonsa. Ya rame, ƙirjin nan ya zube. Matarsa ta fita ɗauraye kwano, muka rage mu biyu. Na daɗe ina kallon tukunyar. Allah ya sani na san abin da zan faɗa mugun abu ne, kuma na ji daɗinsa tun kafin ya fito. Na dafa ta na sunkuya wajen kunnensa mai ji.

"Kawu, wannan tulun fa? A bar ta?"

Na zaci zai kau da kai. Sai ya sa hannu ya janye robar, ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa.

"Ranar ya kamata ka yi bakin nan."

Ya mayar da robar ya rufe ido. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, bayan kwana biyu ya cika.

A maƙabarta, da aka zo sa shi, 'ya'yansa suka ce ni ne babban ɗalibinsa, in shiga in karɓe shi. Na ce ɗan'uwa ba ya sauka. Wasu suka ɗauka biyayya ce ga koyarwarsa, har wani ya ce Allahu akbar. Babban ɗansa dai ya gane, ya dube ni, ya naɗe hannun riga ya shiga da kansa.

Ana saura kwana shida arba'in aka kira ni wani rami a wajen Likoro. Yarinya ce ta je wanki ta zame, kuma an daɗe. Ina tambayar waɗanda suka gani, sai ga uban ya taho a guje daga gona, yana cire riga yana kiran sunanta. An ce ko iyo bai iya ba. Ban yi shawara da kowa ba, na ji na ce, "Ku kama shi." Ya fi ƙarfin masu riƙon, don haka na ɗaure shi a jikin wata ɗorawa, da ƙullin nan. Na goya tukunya na shiga. Na same ta a zagaye na biyar. Na wanke mata fuska, na taso na karɓi zane na koma. Da aka kwance uban, ya zo har gabana, ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ni. Na ce amin. Sai da na hau babur na gane muryar wa na yi amfani da ita.

Ranar arba'in, bayan an watse, Inna ta sa aka kira ni.

"Ina jinka."

"Inna, na yafe masa ɗaurin. Da bai ɗaure ni ba da gawa uku za a ciro, ko biyu da ni a ciki. Na yafe marin, na yafe ƙafar da ya danna ni da ita. Na yafe mai lambu da ya fara cirowa."

"Saura me?"

"Saura tukunya."

Ta daɗe tana jan carbi. Ta tsufa ƙwarai a kwana arba'in ɗin nan. Ta ce, "Ni na ce maka kawu uba ne, duk abin da ya ce ka ce to. In kana rabon laifi ka ajiye mini nawa." Na tashi na fita.

Da la'asar na je maƙabarta. Ruwan sama ya lotsa kabarin ta gefe ɗaya, na tara ƙasa da hannu na gyara. Ɗana yana can gaba kaɗan, wajen katanga. Na tsuguna tsakaninsu na yi wa Kawu addu'a, kuma da gaske na yi. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabari, ya ba shi iska mai daɗi a ciki, ya saka masa da kowace fuska da ya wanke. Na buɗe baki in ƙarasa abin da Inna ke jira, sai na tarar ba a wuyansa kaɗai abin yake ba, kuma ban san wanda zan je wa da ragowar ba. Shi bai je kwas ba, bai ga allon ba. Shi ya ce bar ta, ni na ce to.